Kujerar Kawu Hamidou

Da an sallame La'asar, Kawu Hamidou zai rufe rumfar shayinsa a Bab Makka, ya rataya 'yar kujerarsa ta ninkewa a kafaɗa, ya dubi baƙin umara da suka taru ya ce, "Yalla, ku zo ku ga Jidda ta asali." Sai ya bi da su lungunan tsohon gari, ya gangara da su ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda mutanen dā ke tara ruwan sama, a ƙare a tsohon masallaci. Shekara da shekaru yana haka.

Mu abokansa mun sha tsokanarsa kan surutu. Ba ya wuce taga uku bai tsaya ya ba da labari ba. Sai ranar Hajiya Lubabatu na gane dalili.

Tsohuwa ce daga Maraɗi, gwiwoyinta sun gaji. Burinta ɗaya, ta yi sallah a masallacin da mahaifinta ya yi ta ɗibar wa ruwa lokacin da ya zo aikin hajji a ƙafa, kuma washegari jirginta zai tashi. Ɗanta Idris ya ce, "Inna, ki jira a mota, za mu ɗauko miki hoto."

Kawu ya ce, "Hoto yana sallah ne? Zance ya ƙare, Hajiya, taso."

Duk sanda numfashinta ya yi sama, sai ya buɗe kujerar kamar ba komai, ya nuna wata taga ya shiga labari har ta huta. Babu wanda ya ji ana jiran tsohuwa, ita ma ba ta ji ta zama kaya ba. Ta shiga masallacin da ƙafarta, ta fito tana dariya da hawaye, tana cewa, "Yau na gaisa da Baba."

Kawu, kai ne mai tafiya da takun na baya. Bana taka gwiwar ta ce ya isa, ka ajiye zagaye. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu jan baƙi, ku riƙa waiwaye kamar yadda yake yi.

Alhamis ɗin nan za mu kai shi masallacin. Ni zan ɗauki kujerar, kuma na tanadi labari a kowace taga.