Na je Gangara in yi wa matata faɗa a kan zuma

Mun tashi da asuba daga Gidan Rumji, ni da wani abokina mai karatun aikin likita, kowa da bavet ɗinsa, takunkumin Korona, a fuska kamar 'yan fashi. Jama'a, tun da Korona ta sa aka rufe mana lakol, wato makaranta, ban leƙa ko Tibiri ba, don haka har rawa na taka a tasha!

Bon, ga abin da ya fitar da mu. Kakata, mahaifiyar babana, tana Gangara da ciwon sukari. Matar baffana ta bugo waya ta ce tsohuwa ta rame, ba ta rabuwa da moɗar ruwa, idonta ya fara hazo, ƙwayoyinta sun ƙare tuni kuma ta ƙi zuwa likita, wato asibiti. Babana ɗan fari ne. Kun san yadda abin yake, ko sunansa ba ta kama, in ya je gaisuwa sai ta juya kai tana yi wa bango magana. Ta ina zai yi mata faɗa? Sai ya dube ni ya ce: "Kai ne mijinta, tahi ka ji da ita." Ya sayo na'urar awon sukari da ƙwayoyi a farmasi, ya sa mini a jaka.

Kuɗin mota ya hau, wai an rage fasinja saboda cuta. An rage ɗin kuwa, sai dai buhunan albasa ne suka gaje kujerun. A mashigar Maradi jandarma ya leƙo, nan take kowa ya ja bavet daga haɓa zuwa hanci, muna wucewa ta koma haɓa. Daga nan kwalta ce sumul har Agiye, gonaki hagu da dama an share ana jiran ruwan shuka.

A Agiye muka karya kumallo. Gaban teburin mai shayi an ajiye bokiti da sabulu, ba a zuba maka sai ka wanke hannu. Na ga yadda yake ɗibar sukari da babban cokali yana ƙarawa da madara mai kauri, abokina ya taɓo ni ya ce haka ake kiwon ciwon nan tun daga ƙuruciya. Na ce ya bar ni in sha na ƙarshe. Ƙosan wurin kam ba dama, kowane ɗaya ya kai dunƙulen hannu.

Daga Gazawa sai babur ɗin kabu-kabu. Yashi ne zalla, mun faɗi sau ɗaya a hankali kamar an kwantar da mu, wasu Fulani masu kora shanu suka tsaya suna mana sannu suna dariya. Rezon waya ya ɗauke, shi ya sa kuka ji ni tsit.

Muna shiga gida na tarar da kakata kan tabarma gindin dalbejiya. Wallahi zanen ya yi mata yawa. Amma bakin yana nan daram.

"Wa nike gani haka da takunkumi kamar jaki? Miji ba ko dala, an koro shi daga lakol ya zo cin tuwon banza."

"Ke dai amarya kin tsufa. Ina kika kai ƙibar da na aura?"

Ta yi dariya har da tari, ta miƙo mini ƙoƙo. Na kurɓa. Citta ce da lemun tsami, da zuma mai yawan da cokali zai iya tsayawa a ciki. Ashe wannan ne maganin Korona na unguwar, safe da yamma kowa na sha, ita kuma da yake tsohuwa ce ana ji da ita, kowace maƙwabciya sai ta aiko mata nata. Mayar da abin da aka aiko kuwa rashin mutunci ne, don haka duk shanyewa take. Ƙauna ce ke neman kashe mini kaka.

Abokina ya fito da na'ura, ta ɓoye hannu cikin zane ta ce ba mai huda ta. Baffana na tsaye bakin zaure, shi ma ba ya iya yi mata musu. Nan na gane dalilin da ya sa aka turo ni. Na zauna na ce to shi ke nan, saki uku, ba zan zauna da matar da ke tsoron ɗan tsinke ba, gobe in ji kunya a majalisa. Ta ce: "Ni? Ni da na haihi bakwai ban yi kuka ba?" Ta miƙo yatsa. Lamba ta fito, abokina ya daina murmushi, ya ce gobe sai likita, ba wasa.

Da la'asar, mata sun tafi rijiya, sai ta riƙo hannuna ta yi ƙasa da murya.

"Maigida, ba allura nike tsoro ba. An ce duk tsohon da ya shiga likita yanzu rihe shi suke. In ya mutu wasu masu hwararen kaya ka bizne shi, ba danginai. Ni so nike a yi mani wanka a ɗakina."

Na ajiye wasa gefe. Na ce mata tare za mu shiga, tare za mu fito, in sun riƙe ta sai dai su shimfiɗa mana tabarma biyu. Ta dube ni da idon nan mai hazo, ta ce to, amma ita ba ta hawa babur.

Da safe baffana ya ɗaura wa amalanke shanu, muka shimfiɗa mata katifa, na ɗaura mata bavet. Tafiyar sarauta! Tana ta nuna mini gonakin mutane da waɗanda suka mutu suka bar su. A likitar Gazawa an sa mu wanke hannu, an zaunar da mu nesa-nesa, ni dai ban saki hannunta ba. Ma'aikaciyar ta sake awo, ta duba ƙafafunta, ta gyara mata yadda za ta sha ƙwayoyi. Ta gaya mana mai sukarin da ya hau shi cutar Korona ta fi wahalarwa, don haka shan magani da kula da ci su ne kariyarta. A bar zuma da sukari, a rage fura da tuwo, a ƙara wake da zogale, a dawo awo. Kafin la'asar tsohuwa na kan tabarmarta tana ba maƙwabta labari kamar ta dawo daga Makka.

Maganar maƙwabta ni na ɗauka. Na bi su gida-gida na ce mijinta ya hana, mai son ta ya aiko da kwaɗon zogale. Sun sha dariya, amma sun ji. Na'urar na bar ta hannun matar baffana, abokina ya koya mata har ta iya.

Ranar da za mu taho, na ɗaga jaka, sai tsohuwa ta juya wa bango ta ce: "Wancan na gidanku, yana dai cin abinci ko?"

Mun iso Gidan Rumji da yamma liƙis, jiki duk yashi. Babana na ƙofar gida wai iska yake sha. Na ba shi labari, na nuna mishi hotonta kan amalanke, ya riƙe wayar ya daɗe bai maido ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, tsofaffinmu masu sukari ba taurin kai ke hana su likita ba, tsoro ne, kuma ba kowa za su gaya wa ba. In kana da irinsu, tura musu wanda suke dariya da shi. Yanzu kullum safe nakan kira wayar matar baffana in tambayi awo, in tsokani amarya ko ta sha ƙwaya. Nakan ƙara murya da gangan, don babana yakan jawo kujera kusa, wai rediyo yake gyarawa.