Rigar Ba'amurke a Kan Igiyarmu

Akwai wani shagon wanki da guga a unguwar Camberwell ta Landan, daf da inda nake jiran bas. Duk sanda aka buɗe ƙofarsa ƙamshin sitaci mai zafi ya buso, sai gabana ya faɗi. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. Na haura hamsin, ina da jika, amma har yau riga guda ce take tsorata ni.

Kakana mai wanki ne. Yana saurayi lokacin yaƙin duniya, ya yi wa sojojin saman Amurka wanki a filin jirgin Kano, inda jiragensu ke yada zango kafin su wuce gabas. Mu ba mu ga wannan zamani ba. Abin da muka tarar shi ne riga mai ruwan ƙasa, mai dogon hannu, wadda yake fitarwa daga adaka sau ɗaya a shekara, ƙarshen bazara. Da kansa zai wanke ta, ya sa sitaci, ya shanya ta ita kaɗai a igiyar tsakar gida. Ranar ko kaji ba ma kora ta wajen. Mu yara mun riga mun yanke cewa ta fatalwa ce.

Wata shekara, ina 'yar bakwai, hadari ya haɗo da la'asar rigar tana kan igiya. Kakata ta aike ni in kwashe barkono. Iska ta shiga rigar ta cika ta tim, ƙirji ya taso, hannuwa suka ɗaga sama kamar mutum yana neman abin kamawa. Kafin in juya ta tsinko ta faɗo mini, hannuwan nan masu danshi suka naɗe mini wuya. Ihun da na yi har maƙwabta sun fito. Kakana ya rugo da gudu, kuma rigar ya fara ɗauka kafin ni. Wannan kam har yau ban gama yafe masa ba.

Da na yi shiru ya zaunar da ni. Ya ce mai rigar yaro ne, ko gemu bai yi ba, aikinsa zama da bindiga a wani ƙoƙon gilashi a ƙarƙashin jirgin da ke sakin bama-bamai. Ya kawo wanki, aka tashe su da sassafe rigar ba ta bushe ba, ya nuna da hannu cewa zai dawo. Bayan watanni abokinsa ya biyo ta Kano. Da kakana ya nuna masa rigar, sai ya shimfiɗa tafin hannu kamar jirgi, ya harbe shi da yatsun ɗaya hannun, ya kifar da shi ƙasa. Ya ƙi karɓarta.

"Da ma ba shi ne magajinsa ba," in ji kakana. "Amana ce, jikalle. Ranar gobe za a tambaye ni."

Ya faɗi haka bai yarda ya kalli rigar ba. Ranar na gane shi ma tsoronta yake ji, har ya fi mu.

Bayan shekaru, da aiki zai kawo ni Landan, kakana ya tsufa tukuf. Ya sa aka ɗauko rigar, ya damƙa mini in kai wa dangin mai ita. A wurinsa Turawa duk 'yan unguwa ɗaya ne, in na tambaya ba za a rasa wanda ya san gidansu ba.

"Sunansa na nan a wuya, da tawada," ya ce. "Da idona na gani."

Na juya wuyan rigar. Babu komai, ko ɗigo. Shekara hamsin yana cuɗa ta da sabulu don kada mai ita ya tarar da ita da datti, har ya wanke sunan tas, shi da bai iya karatun boko ba balle ya haddace. Idonsa ya riga ya yi rauni. Na ce masa, "Na gani, Baba." Ya yi ajiyar zuciya, ya sa mini albarka. Bai ƙara wata uku a duniya ba.

Na yi ƙoƙari, Allah ne shaida. Na je inda aka rubuta sunayen sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin jere-jere, na tsaya ina karantawa har ƙafata ta yi sanyi. Kowanne yana iya zama shi. Ban san garinsu ba, ban san inda ya faɗi ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin fuskarsa ya bi shi.

Rigar tana saman kwabet a gidana, ban taɓa bari ruwa ya taɓa ta ba. Kwanan nan 'yata ta zo taya ni gyara, ta zaro ta daga leda.

"Mum, charity shop?" in ji ta, wato a kai ta shagon da ake ba da tsofaffin kaya sadaka.

Na fizge ta da ƙarfin da ya ba mu tsoro mu biyu. Ta tsaya tana kallona, tana jiran bayani. Na buɗe baki zan ba ta labarin, sai na tuna yadda aka yi nauyin amanar ya hau wuyana: ni ma labari kawai aka ba ni. Na ce mata tsohuwar riga ce ta kakana, na mayar da ita sama.

Shi ya tafi da kwanciyar hankali a kan ƙaryar da na yi masa. Tambayar da ya yi shekara hamsin yana tsoro, yanzu ni za a yi wa, kuma ba ni da ko suna.