Jirgin da Malam Lurwanu Bai Hau Ba

Duk wanda ya zauna a Jarwal, unguwarmu a nan Makka, ya san fitowar Malam Lurwanu bayan asuba. Yakan dawo daga Harami kafin rana ta taɓa kan duwatsu, ya biya wurin mai gurasa, ya cika salkunansa da ruwa, sannan ya tsaya a bakin layin da alhazanmu ke sauka yana buga sandarsa a jikin lori. "Yalla ya hujjaj! Mai son ganin kore ya fito, ba za mu tsaya neman takalmin kowa ba!" Haka yake faɗa kullum, kuma kullum sai ya tsaya an nemo takalmin.

Aikinsa ba shi da wani suna mai girma. Idan an gama Hajji, alhazan da suka ƙetaro ta teku sukan zauna jiran jirgin ruwan da zai mayar da su Sawakin, a gaɓar Sudan, daga nan su kama hanyar gida. Yawancinsu manoma ne, kuma tun da suka sauka ƙasar nan idonsu bai ga komai ba sai dutse da rana. Malam Lurwanu ne ke kwasarsu ya kai su wuni guda a Wadi Faɗima, kwarin nan da ke tsakaninmu da Jidda, inda idon ruwa ke gudu a ƙarƙashin dabino, ga gero, ga kankana, ga lalle. Waɗanda jirginsu ya matso sukan tafi da kayansu, su wuni a kwarin, da yamma mota ta wuce da su Jidda.

Bana ya ajiye sandar. Gwiwa ta ƙi, ba ya iya hawa lori sai an tallafe shi. Ni maƙwabcinsa ne, tela, kuma tun da ba na jin akwai wanda zai tuna da shi idan ana lissafa manyan garin nan, na ga ya kamata in ajiye allura in faɗi abin da na sani.

Na bi motarsa ba sau ɗaya ba. Na ga dattijon da ya haƙa kabarin ɗansa a hanya bai zubar da hawaye ba, amma da ya hango zangarniyar gero sai ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Malam Lurwanu ba ya rarrashin irin waɗannan, ba ya kuma bari a taru a kansu. Sai ya ja sauran gaba yana nuna musu yadda ake barbarar dabino. Akwai masu kai baƙi yawo a garin nan waɗanda kowace bishiya sai sun liƙa mata tarihi, kowane dutse sai sun ce wani waliyyi ya zauna a kai, don hannun alhaji ya saki. Allah ya shirye su, ni dai haushinsu nake ji. Shi kuwa in an tambaye shi ko wurin nan mai tsarki ne, cewa yake, "Gona ce, ya hajji. Ta wani bawan Allah ce mai iyali kamarka."

Abu guda ne ba ya wasa da shi. Kafin kowa ya sa ƙafa a ƙasa sai ya tare bakin mota ya ce, "Ku kalla iya son ranku, ku sha iska. Amma don girman Allah kowa ya riƙe hannunsa. Ruwan da za ku gani yana da mai shi." Alhazai kan yi dariya, don a ƙasarmu ta asali ruwan shuka daga sama yake zuwa, ba a taɓa jin mai shi ba. Shi ba ya dariya. Yunus, direban da ya daɗe yana tuƙa shi, shi ya gaya mini dalili, don a gabansa aka yi.

Shekarar da ta zo kafin yaƙin Turawa ce. Lokacin Lurwanu da ƙarfinsa. Tun yana saurayi ya zo Makka a ƙafa tare da mahaifinsa, uban ya rasu a nan, shi kuma ya zauna yana wannan aiki. Mahaifiyarsa tana can wani ƙauye a ƙasar Gumel. A Hajjin shekarar wani mutumin garinsu ya kawo masa saƙonta da baki: ta tsufa, ido ya fara tafiya, tana so ta gan shi kafin ya tafi duka. Lurwanu ya yanki tikitin jirgin ƙarshe na shekarar. Ya ɗaure kayansa a kan motar Yunus tare da na alhazai, ya ce wannan fita ita ce sallamarsa da kwarin, gobe da safe kuma shi ma fasinja ne.

Cikin fasinjojin akwai Malam Rabi'u, tsohon manomi daga ƙasar Daura, da matarsa Hajara, wadda ciwon hanya ya cinye har sai an riƙe ta take tafiya. Shekaru suka yi suna noman ƙodago a Sudan kafin su iso, 'ya'yansu na gida suna jira. Bayan azahar kowa ya kishingiɗa a inuwa, tsohon ya tashi zagaya. Sai ya tarar da wata gonar gero, ganye ya nannaɗe don ƙishi, ga kuma ruwa yana wucewa ta gefenta a cikin kwata, ko kallonta ba ya yi. Ga fartanya an jingine. Wanda ya san manomin Bahaushe ya san sauran. Ya sare bakin kwatar, ya toshe hanyar gaba, ya zauna yana kallon gero na sha. Da ya dawo har yana gaya wa mutane, "Yau na yi wa wani bawan Allah aikin lada."

Abin da bai sani ba, ruwan kwarin rabo ne. Kowace gona da lokacinta, tun kaka da kakanni, kuma wanda nasa ya wuce sai ya jira ya zagayo, ko da shukarsa za ta mutu a gabansa. Ruwan ranar na wani Balarabe ne da ya dasa 'ya'yan dabino, ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya saki ruwa ya tafi salla, ya dawo ya tarar da ramukan dashensa a bushe, lokacinsa kuma ya ƙare. Ban ga laifinsa ba da ya zo da 'yan'uwansa suna huci, suka cafke wuyan rigar tsohon. Suka ce satar ruwa ce, sai gaban hukumar kwarin, kuma ba maganar da za a gama a ranar ba ce. Jirgi kuwa da safe zai tashi, babu wani bayansa sai baɗi.

"Ruwa fa na ba shuka!" in ji Malam Rabi'u, yana waige-waige. "Jama'a, a ina ake hana shuka ruwa?"

Hajara ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya. Ta rarrafo ta kama gefen rigar Lurwanu. "Ɗana, me ya yi? Ina za su kai mini shi?"

Yunus ya ce Lurwanu ya dubi motar da kayansa ke kai, sannan ya je gaban mai gonar ya yi masa magana da Larabci. "Ya ammi, wannan baƙon Allah ne, bai san rabo ba. Ni na sani, ni na kawo shi, ni ne ban faɗa masa ba. In ka tsare shi, tsarewar ba za ta shayar da dabinonka ba. Akwai rijiya a ƙasan kwari, ga kuma kafaɗata. Riƙe ni a madadinsa, in yi ta ɗebo musu da garwa har rabonka ya zagayo."

"Ka san nisan rijiyar nan?"

"Zan sani."

"Ba ka barin kwarin nan sai na ga sun rayu."

"Tayyib. Na yarda."

Yunus ya ja shi bayan mota. "Kai, ka haukace ne? Jirgin ƙarshe ne fa! Gyatumarka fa?"

"Ita tana cikin danginta, Yunus. Dubi waccan. In aka riƙe mijinta, wa take da shi a nan? Sauke mini kayana ta wannan gefen, kada tsohon ya gani."

Sai ya koma ya kama hannun Malam Rabi'u. "Baba, halas, an gama magana. Hau mota."

"Kai fa, ɗana?"

"Akwai ɗan aikin da zan ƙarasa wa mutumin nan. Ku yi gaba, in Allah ya so na same ku."

Bai yi masa ƙarya ba, amma bai gaya masa duka ba. Motar ta tashi, shi kuma ya ɗauki sanda da garwa biyu ya gangara rijiya.

Kai ne, Malam Lurwanu, ka yi ta hawa da sauka a wannan gangare cikin zafin da ko raƙumi neman inuwa yake. Ni nake ɗinka maka riga, na san kafaɗarka ta dama ta fi ta hagu saukowa, kuma na daɗe ina gyara wannan a yanka ban san dalili ba. Kai ne ka ga rabon ya zagayo, dashen bai gama farfaɗowa ba, ka ƙara zama ba tare da an roƙe ka ba. Dabinon sun rayu. Suna nan yau, sun fi gida tsawo. Mai gonar da kansa ya raka ka har bakin hanya, daga baya ma ya ware wa baƙinka wani ɗan gefe da fartanya, don duk alhajin da hannunsa ke ƙaiƙayi ya sami inda zai huce.

Da ya dawo Makka jiragen shekarar duk sun tafi. Ya ce baɗi. Baɗi ta zo da yaƙi, teku ta zama abin tsoro, jirage suka yi wuya. Ana tsakiyar yaƙin wani alhaji ya iso ya gaya masa mahaifiyarsa ta rasu, kuma har ƙarshe in ta ji sallamar baƙo sai ta tambaya ko shi ne. Wannan magana ba na iya maimaita ta zuciyata ba ta yi nauyi ba. Bai sake yankar tikiti ba. Ya auri Saudatu, haifaffiyar Jarwal, ya ci gaba da kai mutane kwarin yana miƙa su ga jirgi. Saudatu ta ce mini ba ta taɓa jin ya ambaci tsohon nan da ɓacin rai ba. Abin da ta sani kawai, duk shekara ranar da ya raka jirgin ƙarshe yakan dawo ba ya son magana, abinci ma sai ta matsa.

Makon jiya muka taru a ƙofar gidansa bayan la'asar don yi masa barka da ajiye aiki. Ba wani taro ba ne, shayi ne da dabino da tsofaffin direbobi. Yunus ya ba da labarin nan, Malam Lurwanu yana ta harararsa don ya yi shiru. Sai wani dattijo mai suna Garba, mai sayar da shayi a unguwar Utaibiyya, ya ajiye kofinsa. Ashe a ƙuruciyarsa aikin wanke tukwane ya yi a jiragen Sawakin.

"Tsaya, ya Yunus. Wani tsoho dogo, mai mata marar lafiya? Wallahi ina cikin jirgin nan."

Ya ce jirgin ya cika har mutane na zama a kan kayan juna. Tsohon ya shimfiɗa tabarma biyu a sama, ɗaya tasu, ɗaya ya hana kowa taɓawa. Ya tsaya a bakin ƙarfen gefen jirgi yana leƙa kowane kwalekwale da ke kawo fasinja daga gaɓa. Har jirgi ya tashi bai naɗe ta ba, ya ce wataƙila yaron ya hau ta ɗaya gefen, cunkoso ne ya ɓoye shi. Duk wanda ya zo zama sai ya ce, "Yi haƙuri, wurin ɗana ne, ya ce zai same mu." Matar kuma in an raba abinci sai ta rufe kaso guda. Haka suka ƙetare teku da wannan tabarma babu kowa a kai. A Sawakin sai da kowa ya sauka sannan ya naɗe ta.

Malam Lurwanu ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗago ya dubi Garba.

"Sun sauka lafiya? Su biyun?"

"Lafiya lau. Da ƙafarta ta sauka, tana riƙe da hannunsa."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. Ya rufe fuskarsa da gefen rawani. Sai a lokacin muka gane cewa duk shekarun nan bai san ko sun isa ba, kuma bai taɓa samun wanda zai tambaya ba.

Mun gode, Malam Lurwanu, jagoran baƙin Allah. Mun gode a madadin waɗanda ka mayar wa 'ya'yansu, waɗanda yawancinsu ko sunanka ba su riƙe ba. Ku kuma samarin da kuka gaji wannan aiki, masu sababbin motoci da Hausar da ta fara guje muku, ku je ku gaishe shi tun yana nan. Ku koyi cewa wanda ya ɗauki baƙo ya ɗauki har kuskurensa, kuma ba a gama aiki ba sai baƙon ya hau jirginsa. Allah ya saka maka da alheri, Malam, ya sada ka da gyatumarka a inda babu sauran rabuwa.