'Yan Kwikwiyo a Gindin Darbejiya

Ni ba mai son kare ba ce. A gidanmu na Katsina ko zaure ba ya takawa, kuma har gobe idan ya lashi kwano sai na wanke sau bakwai. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka wata tsohuwar ƙauna ce ta sa abin nan ya ƙi barin raina.

A lokacin muna zaune a istiraha, gidan hutu ne a bayan garin Makka, inda masu hali ke zuwa shan iska ƙarshen mako. Maigidana ne mai gadi, an ba mu ɗaki da madafi a jikin katanga. Mai wurin shi ne kafilinmu, da sunansa muke zaune a ƙasar. Haifaffen Makka ne, yana da shagon turare a unguwar Zahir, kakansa Bahaushe ne da ya zo Hajji da ƙafa bai koma ba. Hausarsa na nan, sai dai rabinta Larabci. Mutum ne mai salla, mai kyauta. Ranar da na yi ɓari shi ya kai ni asibiti da motarsa, ya zauna a waje har aka sallame ni.

Yana da karya saluki, irin ta farauta: dogayen ƙafafu, ciki a shafe, ido kamar an sa mata kwalli. Ba ta haushi. Wani dattijon Balaraben ƙauye ne ya ba shi, don irin waɗannan ba a sayar da su, kyauta ake yi ga wanda aka yarda zai riƙe amanar jinin. Kafili yakan zauna a kan darduma ya jero wa baƙi uwarta da kakarta da kakar kakarta, da barewar da kowace ta kama. Na taɓa tambayarsa daga wane gari kakansa ya taso. Ya yi dariya ya ce, "Wallahi, Hajiya, wajen Sakkwato ne, ko Damagaram. Allahu a'alam."

Ni ke dafa mata abinci, shinkafa da kaza ba gishiri. Ina ajiyewa in ja baya. Ita ma ta gane, ba ta taɓa matso tufafina ba. Haka muka zauna, kowa ya san iyakarsa.

Ruwan sama ya rushe wani gefe na katangar baya, gyara ya yi ta jinkiri. A bayan katangar akwai wani makiyayi ɗan Sudan da awakinsa da jan karensa mai guntun kunne. Ba wanda ya ga shigar karen. Ciki dai ya fito wa karyar, kafili ya yi tafiya, sai da ya dawo ya tarar ta haihu a ƙarƙashin tankin ruwa inda ƙasa ke da sanyi. Su huɗu, jajaye, masu faɗin kai, idanu ba su buɗe ba.

Bayan la'asar ya zo gindin tankin. Ya durƙusa ya duba su. Ina tsaye a bakin madafi da mayafina.

"Malam," ya ce da maigidana, "waɗannan ba asili ba ne, jininsu ya gauraye. Gobe ka fitar da su. Halas, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, in kai su ina?"

"Ba na so a kashe. Haramun ne, ba zan ɗauki alhakin rai ba, balle a cikin Harami. Ka wuce iyakar Harami, ka kai su Arfa ka ajiye. Allah da ya halicce su zai ciyar da su."

Wanda bai zauna Makka ba, Arfa da ya sani ita ce ta ranar tsayuwa, mutane ba masaka tsinke. Sauran shekara fili ne fetal, kwalta da famfunan da aka kashe da layin bishiyoyin darbejiya. Ko tsuntsu sai ka nema.

Ban saba sa baki a maganar maza ba, amma na ce, "Alhaji, a yi mini afuwa. Makiyayin nan ya ce wa Malam zai karɓa idan an yaye su. Karen kiwo ai halal ne kamar na farauta. A bar su su sha nono, ko wata ɗaya ne, ni zan kula."

Ya juyo, ba da faɗa ba. "Hajiya, ke da ba kya taɓa kare?"

"Ba sai na taɓa ba."

"Ba ki gane ba ne. In makiyayi ya karɓa, gobe duk masu farauta sun ji. Su a wurinsu, karyar da baƙon kare ya taɓa, mahaifarta ta ɓaci har abada. Ni ban yarda da wannan ba, likita ya ce zancen banza ne. Amma su sun yarda. Dattijon da ya ba ni ita yana da rai, zan kalle shi in ce na lalata abin da kakanninsa suka tsare? In kowa ya bari jini ya gauraye, nan da shekara kaɗan babu saluki a duniya, sai karnukan bola. Su waɗannan ba za su yi gudu ba, ba za su yi kiwo sosai ba. Ba nan, ba can."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Na san abin da yake tunani: takardar zamanmu.

Na yi ta juya maganar kafili a raina, har yanzu ina juyawa. Ba duka ce ƙarya ba. Na ga karyar nan tana gudu sau ɗaya, da aka sake ta a fili, sai da na yi tasbihi, kuma na san ba a banza aka samu irin wannan halitta ba, mutane ne suka tsare ta. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wanda aka ɗora wa kuɗin tsarewar. Ba katangar ba, ba jan karen ba, ba mai wurin ba.

Da safe maigidana ya ɗauko kwalin ruwan gora. Sai da aka ɗaure uwar. Ni na shimfiɗa tsohon zanena a ciki, ya zuba 'yan kwikwiyon a kai, na ba shi robar ruwa da madarar gari da na dama, duk da na san ba su iya lasa ba tukuna. Ya ce, "Ke dai kina wahalar da kanki." Na ce, "Malam, ka ajiye su a inuwa." Ya ce zai ajiye.

Karyar da ban taɓa jin muryarta ba ta yi kuka har ta dishe. Nononta ya kumbura ya yi tauri, tana kwance a gindin tanki tana lasar ƙasa. Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na gasa mata. Ranar ce farkon taɓa kare a rayuwata. Na wanke hannuna bayan nan yadda aka koya mini, na yi salla.

Na matsa wa maigidana har ya koma Arfa ranar da ya samu mota. Da ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalmi a hankali. Na ce, "Yaya?" Ya ce, "Kwalin yana nan. Zanenki ma yana nan." Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara ba.

An gyara katanga a makon. Da lokaci ya zagayo aka kawo namiji asili daga wajen Najadu, can tsakiyar Saudiyya, ta haifi shida, kyawawa, dogaye, lafiyarsu ƙalau. Ta lashe su ta shayar da su daidai yadda ta yi wa na farko. Kafili ya yanka rago, ya aiko mana da cinya, ya raba 'ya'yan ga manyan mutane. Ba wanda ya ji labarin jajayen. Babu abin da ya samu kafili, ban kuma roƙa masa wani abu ya same shi ba.

Shekarar da ta biyo Allah ya nufe ni da aikin Hajji. Ranar Arfa na tsaya cikin mata 'yan ƙasarmu, kowa na kuka yana neman rahama, wata tsohuwa daga Daura tana murnar ganin darbejiya irin ta ƙofar gidanta. Na ɗaga hannu na roƙa wa iyayena, na roƙa wa maigidana, na roƙi haihuwa. Na roƙa wa kafili ma, don yana da haƙƙi a kaina. Amma idona bai zauna a sama ba. Gindin bishiyoyin nake bi da kallo, ɗaya bayan ɗaya, ko'ina kwalayen ruwa ne da aka shanye aka yar.