A Gidanmu Babu Bahago

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida wani yaro ya wuce da waya a hannu, kiɗan kalangu na tashi daga cikinta, irin wanda ake yi wa 'yan dambe idan za su shiga fage. Kada ka ɗauka daɗi na ji. Haushi ne ya taso mini, tsohon haushi na shekara arba'in da ɗoriya, wanda na zaci an binne shi tare da mai shi.

Mai shi kuwa Baffana ne, ƙanin mahaifina. A hannunsa muka zauna bayan rasuwar Baba, ni da Inna da ƙanwata, a wani ƙauye bayan Bici inda gona ke jingine da gona. Mu mahauta ne, kuma ka san dambe wasan mahauta ne. To amma ainihin sana'ar Baffa ba fawa ba ce. Sana'arsa ita ce zama a gindin tsamiyar bakin kasuwa, shi da wanzamin garin da wani tsohon tela, suna duba 'ya'yan mutane suna yanke musu hukunci: wannan zai yi suna a dambe, wancan ko kaza ba zai kayar ba. Baffa ya ce a zamaninsa ya kai mutum bakwai ƙasa a kaka ɗaya. Abin mamaki, duk waɗanda suka ga hakan da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, ko ɗaya bai rage ba.

Ka so ka ga yadda yake duba yaro. Zai kira shi da yatsa, ya matsa masa wuya, ya lalubi wuyan hannu, ya ce ya juya ya ɗaga dunduniya. Har baki yake buɗe wa yaro ya leƙa haƙora, sai ka ce mai cinikin jaki. Daga nan ya tauna goro, ya tofar, kowa na jira kamar alƙali zai yi magana. Wanzami ya gyaɗa kai tun kafin a faɗa, tela ya ce, "Haka yake." Ni dai ban taɓa jin tela ya ce wani abu ban da haka yake ba.

Kuma wallahi da za a bi bayan maganarsu da an sha dariya. Wanda suka ce zai girgiza Kano, rake ya ƙare yana sayarwa a tasha. Wani da suka ce ƙirjinsa na zaki ne, ranar da aka fara sa shi a fage sai da aka je aka ciro shi daga bayan rumbu. Amma ba su taɓa yin kuskure ba, a wajensu. Idan yaro ya sha kaye, to sammu aka yi masa, ko uwarsa ce ta lalata shi da koko.

Sai shekarun fari suka zo. Gero ya ƙone a tsaye, dawa ta fito da kai babu ƙwaya. Rijiyoyi suka ja ƙasa har sai an ɗaura igiya a kan igiya. Shanu suka ƙare, mahauci ya rasa abin yankawa, ƙudan kasuwa ma suka watse. A gidanmu tafasa ake dafawa da ɗan ƙuli, wani lokaci dusa, kuma har yau idan na ji warin tafasa a wuta tashi nake in bar wurin. Ƙanwata ta daina kuka da yunwa, sai dai ta kwanta a inuwar danga tana kallon mutane. Amma majalisar tsamiya ba ta tashi ba ko rana ɗaya. Yara duk sun zama ƙashi da fata, su kuwa suna nan suna matsa musu wuya.

Akwai abin da ya kamata ka sani a kaina. Ni bahago ne, da shi aka haife ni. Kakata ta wajen uba ta ɗauki wannan a matsayin abin kunya ga zuriya. Tun ina rarrafe take ɗaure mini hagu da tsumma idan an ajiye tuwo, in na miƙa shi kuma muciya ta sauka. Na koyi ci da dama, gaisuwa da dama, karɓar saƙo da dama. Amma fartanya, gatari, guga, jifa, duk abin da ke son ƙarfi, hagu ke yi. A masussuka idan muka naɗe hannu da tsumma muna damben yara, sa'o'ina duk sun san abin da ke cikin hagun nan, ba mai son tsayawa gabana sau biyu.

Ina da wajen shekara goma sha shida labari ya zo cewa wani babban mahauci daga Bici, mai ɗaukar 'yan dambe yana yawo da su garuruwa, zai zo ya zaɓi yaro ɗaya. Wanda aka ɗauka, ci da sha a kansa, kuma za a sauke wa gidansu buhun dawa. A makon nan kuwa Baffa ya riga ya gaya wa Inna cewa gida ba zai iya ɗaukar baki uku na marigayi ba. Ni zan zauna saboda gona, ita da yarinya su koma wajen danginta can gabas da Minjibir. Na zauna na auna: in na tafi, an rage baki ɗaya, ga buhu a ɗaki, Inna za ta kai damina a ɗakinta. Da safen ranar ta ba ni nata rabon dusar, ta ce ita ta ƙoshi.

Bayan la'asar aka taru a filin kasuwa. Baƙon dogo ne, hancinsa a karye, ba ya yawan magana. Aka jera mu mu shida. Baffa ya shige gaba yana ta zuba, yana nuna masa wuyan wannan da dunduniyar wancan. Mutumin ya bar shi ya gaji, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Akwai bahago a cikinsu? Shi nake nema. Ko ramamme ne zan ɗauka, nama ni zan sa masa."

Na buɗe baki. Kafin iska ta fito Baffa ya dafa kafaɗata yana dariya.

"Bahago? Allah ya sawwaƙe. Wannan dai nawa ne, a gabana ya tashi. A gidanmu babu bahago."

Tela ya ce, "Haka yake."

Za ka ce me ya hana ni magana. Kai ɗan yau ne. A lokacin, yaro ya ƙaryata ƙanin ubansa a gaban baƙo, a tsakiyar kasuwa? Sauran yaran sun sani, amma kowa buhun yake hange, suka sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar, kuma kada ka zaci na yafe wa kaina wannan.

Baffa da kansa ya naɗa mini zare a hannun dama, yana ja yana ɗaurewa yana yi mini huɗubar yadda ake tsayuwa. Aka haɗa ni da ɗan mai injin niƙa, yaro ɗaya tilo a garin da har lokacin yake da kumatu, don gidansu garin da ake sharewa a gindin injin suke ci. Shi ne gwanin majalisa, sun daɗe suna cewa wuyansa na bajimi ne. A dambe hannun da aka naɗe shi ke duka, ɗayan kuwa a buɗe yake a gaba, kariya kawai. To ni an sa ƙarfina a gadi, an ba wa ragon hannu aiki. Ƙafafuna suka rikice, na rasa wadda zan sa gaba. Sau biyu na ture shi da tafin hagu har ya yi taga-taga, na ji baƙon ya ce, "Kai, kariyar yaron nan ta fi dukansa." Baffa ya amsa da cewa ai tun ina ƙarami ba ni da zuciya. A turmi na biyu, wato karo na biyu, na kai duka da dama, ya tafi a banza kamar an jefa zani, yaron ya same ni a muƙamuƙi. Na ji ƙasa a bakina.

Aka sauke buhun dawa a gidan mai injin niƙa. Ɗansu bai cika wata ba ya dawo babu haƙora biyu, majalisa ta ce sammu ne.

Inna ta tafi ranar kasuwa ta gaba. Na ɗaukar mata ƙullin kayanta har bakin titi, ƙanwata a goye duk da ta wuce goyo, don ba za ta iya tafiyar ba. Ba ta yi mini maganar damben ba. Da mota ta tsaya sai ta kama hannuna na hagu, ta riƙe shi ɗan jim, ta sake. Ita ta sani. A can ta yi wani aure, ba ta sake kwana a garinmu ba, ƙanwata kuwa ba ta ga damina ta biyu ba.

Bayan shekaru da yawa, ina da nawa iyalin a Kano, na je ƙauye sunan jikan Baffa. Ya tsufa, yana zaune a kan buzu a tsakar gida, ni kuma na karɓi gatari ina faskare wa mata itace. Ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "Kai, yaushe ka koma bahago?"

Na ce, "Da shi aka haife ni, Baffa."

Ya yi tsaki. "To don me ba ka faɗa ba? Ai da ka yi suna. Ni fa tun kana yaro na ga alama a wuyanka."

Shekara goma na yi ina noma gonarsa da wannan hannun, ina ja masa ruwan alwala da shi, a gaban idonsa. Mutumin da ke karanta dunduniyar 'ya'yan wasu bai taɓa duban wanda ke cikin gidansa ba.

Yanzu an sare tsamiyar, an yi shagon cajin waya a wurin. Majalisar ce dai ba ta mutu ba, ta koma cikin wayoyin. Ina jin samari suna gardama a kan yaran da ba su taɓa gani ido da ido ba, wane zai fashe bana, wane ba zai kai ko'ina ba, kowa da tabbacinsa kamar an yi masa wahayi. Wani lokaci sukan ce, "Baba, kai da ka ga jiya, wa kake gani?" Nakan ce su je su tambayi uwar yaron. Sai su kwashe da dariya, su ɗauka tsufa ne.