Malam Halliru da Ma'aunin Tausayi

A duk ƙasar Wudil ba a yi wanda ya san zuciyar yaro kamar Malam Halliru ba. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma akwai takardar shaida a bangon ofishinsa, ta bitar kwana uku da ya halarta a Kano shekarar da soja suka koma bariki.

Aikinsa a sashen jin daɗin jama'a shi ne, duk yaron da ya yi laifi aka kai shi kotu, ya zauna da shi, sannan ya rubuta wa alƙali ko a mayar da shi gida ko a tura shi gidan horo. Kafin bitar, da kwanon abinci yake wannan aiki. Sai ya sa a ajiye wa yaro shinkafa da wake, shi kuma ya koma gefe yana duba fayil. In yaro ya ce, "Malam, bismilla," to da sauransa. Shekara goma sha ɗaya yana haka. Da farar hula suka hau, aka ce komai sai da hujja a rubuce. Aka ba shi takarda mai tambaya ashirin da huɗu, kowace da makinta, yawan maki yawan ƙeƙashewar zuciya. Ya daina sayen shinkafa da wake.

A shekara ta biyu da fara aiki da takardar aka kawo masa Bilya, ɗan shekara goma sha huɗu daga Dagumawa. Faɗa suka yi da sa'ansa Ɗantani wajen yankan ciyawa, lauje ya tafi da idon Ɗantani na hagu. Bilya ya tsuguna a bakin ƙofa, kai a sunkuye.

"Kai, ka ji tausayinsa?"

Yaron ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ka yi kuka?"

"A'a."

"Don me?"

"Baba ya ce namiji ba ya yi."

"To ɗago ka dube ni."

Bai ɗago ba.

Rabin tambayoyin na iyaye ne. Uban ya tafi cin rani, don haka aka kira uwar, Hansai.

"Ɗanki ne?"

"Haka aka ce."

"Sunansa fa?"

Ta juya fuska wajen bango.

"Yana tausaya miki in ba ki da lafiya?"

"Haba Malam. Ni za a yi wa wannan tambayar? Ai yaron mutane ne."

Malam Halliru ya san abin da yake gani. Bilya ɗan fari ne, kuma uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta yabe shi a gaban baƙo. Shi ma ɗan fari ne. Har mahaifiyarsa ta koma ga Allah, "wannan yaron" take ce masa, yana da furfura a gemu. Ya duba takardar sama da ƙasa, babu gurbin kunya. Akwai gurbin "ba ya nunawa", sai ya cike shi. Da ya haɗa, maki hamsin da takwas ne cikin saba'in da biyu, mafi yawa da ya taɓa samu. Ya ɗan ji daɗi a ransa, ganin ma'aunin yana aiki. Ya rubuta cewa bai kamata a mayar da yaron gida ba, ya sa hannu, ya aika kotu.

Aka tura Bilya gidan horo na shekara uku. Bai cika wata bakwai ba sanƙarau ya ɗauke shi.

Tun daga nan, duk ranar Juma'a in Hansai ta shigo kasuwa, sai ta biyo ta zauna ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban ofis. Ba ta kuka, ba ta neman komai.

"Malam, baƙuwarka ta kama wurinta," in ji Asabe mai buga takardu. "Ko in sa mata tebur?"

"Asabe, ki ji tsoron Allah ki buga takardarki."

Sai ya fita.

"Ina kwana, Malam. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya haƙuri?"

"Mun gode Allah."

Shekara tara yana tambayarta ya haƙuri.

Abin da ya fi cin ransa shi ne bai san fuskar yaron ba. Tsakar kansa kawai ya gani, da wani tabo zagayayye a gefen dama. A masallaci in yara suka yi sujada a sahun baya, yakan waiwaya bayan sallama yana bin kawunansu da ido. Sau biyu ya tsayar da ɗan wani a kan gada, ya cire masa hula, sannan ya ba shi haƙuri.

Da ritaya ta matso, ya yanke shawara zai gaya wa Hansai gaskiya: alƙalaminsa ne ya raba ta da ɗanta, ta yafe ko kada ta yafe. Amma shi mutum ne mai son hujja a rubuce. Yana so ya ga layin da alƙali ya ja wa biro a rahotonsa, don ya san ainihin kalmar da zai nemi gafara a kanta. Ya je kotu wajen magatakarda Lawan.

"A'a, mai auna zukata! Yau namu ka zo aunawa?"

"Fayil ɗin Bilya Dagumawa nake so."

"Wane Bilya kuma? Yallaɓai, Bilya nawa ne a Dagumawa?"

Sai bayan la'asar aka tono shi a sito, ɓeraye sun ci gefe ɗaya. Malam Halliru ya goge tabarau, ya buɗe da bismilla.

Hukuncin alƙali ranar Talata aka yanke shi. Rahoton Malam Halliru ya iso ranar Alhamis, kwana biyu bayan hukuncin, yana nan cikin ambulan ɗinsa, ba a buɗe ba.