Gaurakar Malam Bamalli

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Agusta, 1998, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Bamalli Mai Kemis a gidansa da ke Kurmin Sarki, Suleja, yana da shekara sittin da ɗaya. Likita ya ce hawan jini ne. Ba na jayayya da likita, amma na san wanda ya kafa wa jinin tsani.

Malam, a 1983 ka bar aikin asibiti, ka samu izinin haɗa maganin zazzaɓin yara. Ka ce matan ƙauye ba suna suke karantawa a kwalba ba, hoto suke nema. Sai ka sa ni, don kawai ina koyarwa a makaranta, in zana maka gauraka. Da maiɗakinka Hajiya Fatsuma ta ga zanen, ta ce wannan talotalo ne da ruwa ya yi wa duka. Ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ka ce a bar ta haka, mai jinya ba ya auna ƙafar tsuntsu.

Daga Chaza har Zuma aka san maganinka da suna Mai Gauraka. Ba ka sallamar uwa sai ta nuna maka da yatsu cokali nawa za ta bai wa ɗanta. In ta yi kuskure, ku sake daga farko, ko layi ya kai titi.

Laifinka ɗaya: yarda. Sau nawa na ce ka yi wa tambarin nan rajista? Sai ka yi dariya ka ce wa zai saci abin da kowa ya san mai shi. Alhaji Ɗantala, dillalinka na shekara tara, wanda ya san ɗanɗanon miyar gidanka, shi ya ba ka amsa. A 1995 ya kai gaurakar ofishin rajista da sunansa, ya rantse cewa da hannunsa ya zana ta. Lauyansa ya aiko maka da takardar hana ka amfani da ita. Ɗantala kuwa ya cika kasuwanni da kwalabe masu hoton gaurakar, cikinsu ruwa da sukari da kala.

Ina zaune a shagonka ranar da Saratu, wata mai ɗinki daga Chaza, ta shigo, kwana biyu da binne 'yarta Alheri. Ta ajiye kwalba a gabanka, ta ce, "Baba, naka na ba ta. Ga tsuntsun nan."

Juma'ar makon ka ari lasifika, ka tsaya a ƙofar masallaci, ka ce, "Jama'a, kada wanda ya ƙara sayen Mai Gauraka, ko daga hannuna ne." Ranar Lahadi ka bi ƙofofin majami'u ka maimaita. Da bakinka ka rushe sunan da ka yi shekara goma sha biyu kana ginawa, sannan ka shigar da ƙara. Ba ka ga ranar hukunci ba.

Ɗantala ya zo zaman makokinka da babbar riga mai aska takwas. Addu'arsa ta fi ta liman tsawo. Da ya shafa, ya shaida wa jama'a cewa ya yafe maka. Na sha karanta labarin marasa kunya a littattafai, ban taɓa ba ɗayansu tabarma ba sai ranar.

Na san halinka, da kana nan cewa za ka yi a bar shi da Allah. Za mu bar shi da Allah, amma sai ya bi ta gaban alƙali tukuna. Ran Alheri ba naka ba ne balle ka yafe. 'Yarka Tayyiba ta karɓi shari'ar. Segun, mai ɗab'in da ya buga takardar kwalbar farko a Kaduna, ya nemo farantin bugun da takardar odarka ta 1983. Ni ma zan tsaya shaida ranar shida ga Oktoba, kuma roƙona ga lauya ɗaya ne: a miƙa wa Alhaji fensir da farar takarda, ya zana mana gaurakarsa a gaban kowa.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane yaron da ya tashi daga jinya ta hannunka ya zame maka shaida. Allah ya bai wa Hajiya Fatsuma da Tayyiba da dangi haƙuri, ya sanyaya zuciyar Saratu. Shi kuwa Alhaji Ɗantala, Allah ya ba shi lafiya da tsawon rai, aƙalla zuwa shida ga Oktoba.